Ya Yi ta Tanko

Shekaranjiya da hantsi ina tsaye a bakin injin yanka sai ɗayanku ya manna bangon littafi a juye, kai ƙasa ƙafa sama. Sauran kuka kwashe da dariya kuna cewa, "Ya yi ta Tanko!" Shi ma mai ɓarnar ya taya ku dariyar. Ni kaɗai na haɗe rai na ce kowa ya koma bakin aikinsa, kuka ɗauka faɗan tsufa ne. Ba faɗa ba ne. Babu ɗayanku da ya taɓa sa Tanko a ido. Kun zo ne kun tarar ana faɗa a duk layin maɗaba'un nan na bayan unguwar Shifa a Riyad, har Indiyawa da Misirawa sun iya, da zarar mutum ya tafka shirme sai a ce ya yi ta Tanko. To Tanko mutum ne, Badamagare, shi ya koya mini ɗaurin littafi, kuma abin da aka jingina wa sunansa ba shi ya aikata ba. Bakina ya ƙi faɗa muku, shi ya sa na zauna na rubuta.

Sai kun fara sanin ko wane ne shi tukuna, domin ku 'yan yanzu gani kuke ɗaurin littafi danna maɓalli ne. A zuba takarda ta nan, littafi ya faɗo ta can da ɗuminsa kamar burodin tamis, ku koma kan wayoyinku. Ni da na zo Riyad daga Tasawa shara aka ɗauke ni, in kwashe tarkacen takarda in cusa a buhu. Baba Tanko shi ne mu'allim na ɓangaren ɗauri, wato babban gwanin da kowane littafi sai ya bi ta hannunsa kafin ya fita ƙofa. Wata rana ya ji ina ƙunƙuni da Hausa a bayan buhu, ya ce, "Kai ɗan ina ne?" Na ce Tasawa. Ya ce, "Ajiye tsintsiyar nan, riƙe wannan." Ƙashi ne ya miƙo mini, haƙarƙarin raƙumi da ya goge da hannunsa har ya yi santsi. Shi ne dai wannan da ke kan teburina, wanda na hana ku farke kwalin madara da shi.

Wata uku ban yi komai ba sai naɗe takarda da ƙashin nan. Babban falle guda ake bugawa, a naɗe shi sau uku ya ba da shafi goma sha shida, shi ake kira malzama. Littafi kuwa malzamomi ne aka jera aka ɗinke. Baba ya ce takarda tana da kwanciya kamar gashin akuya, in ka naɗe ta ta inda ta kwanta sai ta bi ka, in ka saɓa mata sai littafin ya riƙa wage baki a kan kanta. Ya koya mini in rufe ido in lanƙwasa falle in ji ta ina yake so. Ya koya mini ɗinki da zaren da aka ja ta cikin kakin zuma, da yadda ake sa littafi a makbas, wato ƙarfen matsi, a bar shi ya kwana. Iskar garin nan ba ta da ɗigon laima, kafin ka gama bismilla gam ya bushe a buroshi, saboda haka kullum akwai bokitin ruwa a ƙarƙashin teburinsa. In na yi ba daidai ba ba ya zagi. Sai dai ya ajiye aikin a gabana ya tafi shan shayi, ya bar ni da shi.

Akwai wani dattijo Balarabe daga unguwar Nasim da ya taɓa kawo Alƙur'anin mahaifiyarsa, bango ya rabu da jiki, gefen shafukan ya yi baƙi ƙirin ta ƙasa. Baba ya ba ni na ɗinke, na matse, ya yi kyau. Sai na ɗauka na nufi injin yanka don in aske gefen ya fito fari tas. Ban san lokacin da ya taso ba, sai ji na yi ya riƙe mini wuyan hannu.

"Ina za ka?"

"Dauɗar nan zan cire, Baba."

"Wa ya ce maka dauɗa ce? Yatsan uwarsa ne na shekara hamsin. Ba duk abin da ya yi maka kama da aibi ne aibi ba, Isuhu. In ba ka sani ba ka tambayi mai abu."

Da dattijon ya zo karɓa, gefen nan ya fara dubawa kafin bango, ya ɗora babban yatsansa a kai. Irin wannan aikin ne ya sa a layin nan ake cewa shekara talatin babu littafin da ya fita daga hannun Tanko ya dawo. Ba shi da gida a nan, ba shi da mota, ɗaki guda yake haya a Shumaisi. Wannan maganar ita ce duk abin da ya tara, kuma burinsa ya ƙara shekara biyu ya koma Damagaram da ita.

Yanzu sai ƙaryata. Lokacin da aka fara kawo mana aikin Turanci, mudir, wato shugaban maɗaba'ar, ya leƙo ya tambaya ko akwai mai jin Ingilishi a cikinmu, don a ɗora shi kan jera malzamomi. Aikin tebur ne, ba ɗaukar kaya, kuma daraja ce. Na ɗaga hannu. Gaskiyar magana shekara biyu na yi a lekol, makarantar boko, a Tasawa, na san haruffan boko, ina haɗa Hausa da su, Larabci kuwa ina karantawa tun ina yaro. Amma Ingilishi ban wuce "yes" da "oke" da "tumoro" ba. Abin da ya rufa mini asiri shi ne tsani. Ku ɗauki malzamomi kafin a sa bango ku dubi gadon bayansu, za ku ga ɗan baƙin layi a kan kowace, na farko a sama, na biyu ƙasa da shi kaɗan, haka har ƙarshe. In an jera daidai sai su sauko kamar matakala. Mai jera littafi ba ya buƙatar karanta ko harafi guda, tsanin kawai zai bi. Shekara shida ina bin tsani ana ce mini Yusuf mai Ingilishi, don haka sunan yake a iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar. Har na fara yarda da kaina.

A shekara ta bakwai aka kawo mana aikin Ostireliya. Wani dogon Bature ne ya kawo, malami ne da ke koyar da Turanci a nan Riyad, kullum da faffaɗar hula a kansa, muka sa masa Mai Malafa. Larabcinsa irin namu ne, na kasuwa, a jefa kalma nan a cike da hannu. Yakan zauna a kan tarin takarda ya sha shayi da mu, abin da ba kowane mai kawo aiki ke yi ba. Ya ce shi da yayarsa suna da ɗan ƙaramin kamfanin buga littafi a can ƙasarsu. Kowace shekara sukan bi gajerun labarai da waƙoƙin da aka rubuta a ƙasar a cikin wannan shekarar, su zaɓo waɗanda suka fi, su haɗa littafi guda, kamar yadda manomi ke ware zangarniyar iri. Na bana yana so ya fito da harshe biyu, tunda wani abokinsa Balarabe ya juya masa shi. Ingilishi zai faro daga hagu, Larabci daga dama, su haɗu a tsakiya. Littafi mai fuska biyu ke nan, ba shi da ƙeya. Baba ya juya samfurin a hannunsa ya ce wannan da zare za a ɗinka shi, gam ba zai taɓa gadon bayansa ba sai a ƙarshe.

Mai Malafa yana son marubutan nan nasa kamar 'ya'yansa. Akwai malzama ta bakwai a ɓangaren Ingilishi, inda aka jera hotunansu da sunayensu. Ran da aka buga ta ya ɗauko falle yana nuna mana: wannan direbar motar asibiti ce, wannan makiyayin tumaki ne, wannan iyayenta daga Labanan suka yi ƙaura. Sai ya ɗora yatsa kan wata tsohuwa baƙar fata mai farin gashi, tana murmushi ido a tsuke. Ya ce ita daga mutanen asalin ƙasar take, waɗanda suke can tun kafin Turawa su zo. Ba ta rubutu, da baki ta ba da labarinta, jikarta ta rubuta. Sau uku yana tuƙi kwana biyu cikin hamada zuwa garinsu kafin ta yarda a buga. Baba ya dube ta ya ce, "Wannan ai gwaggona ce ta Mirriya." Muka yi dariya har da Mai Malafa, ko da yake bai ji abin da aka ce ba.

An gama buga ɓangaren Ingilishi, ba a fara na Larabci ba, sai aikin ya tsaya kusan mako biyu. Mu 'yan ɗauri ba a gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Daga baya aka buga na Larabcin, aka turo mana komai a kan katako. Da na zo ƙirga sai na tarar da malzama ta bakwai tari biyu. Alamar tsaninsu ɗaya, lambar shafinsu ɗaya. Na buɗe ta wannan tarin, ga hotuna cif. Na buɗe ta wancan, sai na ga inda tsohuwar take fari fat, babu hoto, kuma layin sunan da ke ƙasa ya gajarce. Kowane ɗan ɗauri ya san wannan, in farantin bugu ya ƙi ɗaukar tawada haka yake barin fili. A raina na ce wannan ɓatacce ne, shi ya sa aka sake bugawa.

A kan tarin mai hoto akwai takarda manne da salatif, rubutun hannu ne na Turanci, layi huɗu, irin rubutun likitocin nan mai kama da tafiyar tsutsa. Ran nan Mai Malafa ya shigo a gurguje, bai ko zauna shayi ba, zai kama jirgi. Mudir ya nuna masa ni ya ce Yusuf yana jin Ingilishi. Sai mutumin ya saki Larabcinsa na kasuwa ya dawo harshen uwarsa. Ya dafa tarin nan, ya dafa wancan, yana zuba magana kamar ruwan famfo, fuskarsa ba walwala. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai.

"Oke, Yusuf?"

"Oke, oke. Mafi mushkila, ba matsala."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya girgiza, ya fita. Da a ce na buɗe baki na ce masa ya maimaita da Larabci, da minti biyu sun ishe mu. Amma mudir yana tsaye, Misirawan injin bugu suna kallo, ga shekara shida ta "Yusuf mai Ingilishi" a kaina.

Baba ya zo ya tsaya a kan tarin biyu. Idonsa ya fara rauni a lokacin, sai ya kai abu kusa da hanci yake gani. Ya ɓamɓaro takardar ya miƙo mini.

"Me ta ce?"

"Ta ce wannan shi ne mai kyau, Baba. Wancan faranti ne ya ci hoton."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar ofis, ya sake dubana. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce, "To, bismilla." Na tura tarin mai farin fili can bayan buhunan shara.

Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma wannan ma wani abin kunyar ne. Kwana tara muna kai. Tsanin kowane kwafi ya sauko daidai, ɗinkin ya kwanta, in ka buɗe littafin ta hagu ko ta dama sai ya shimfiɗe a tafin hannu bai yi gardama ba. Mai Malafa yana can ƙasarsu, ya bar saƙo cewa da an gama a ɗora kwali biyu a jirgi zuwa wurin yayarsa, ita za ta raba wa marubutan da iyalansu. Aka naɗe kowane kwafi a leda aka aika. Yayar ba ta farke ledar ba, ta dai rubuta adireshi ta tura.

Bayan kamar wata guda, ana gab da azahar, Mai Malafa ya shigo. Abin da na fara lura da shi shi ne hular tana hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kwafi guda a teburin Baba, ya buɗe malzama ta bakwai, ya kife tafin hannunsa a kan hoton don kada ya gani. Da Larabcinsa mai ɗingishi ya yi bayani, kowa ya bar abin da yake yi. Ya ce tsohuwar ta rasu ana cikin aiki, shi ya sa aka tsaya. A al'adar mutanenta, in mutum ya rasu ba a kiran sunansa, ba a kallon hotonsa, sai an daɗe. Ko wanda yake da suna irin nasa sai an canza masa abin kira. Jikarta ta buga masa waya ta ce in dai za a cire suna da hoto, labarin ya zauna. Ya yi musu alkawari, ya sake buga malzamar da farin fili, ya je har jana'iza ya sake yi musu alkawari baki da baki. Sai ga littafi ya iso gidan makoki, jikar ta farke leda a gaban dattawan gidan, ta buɗe.

Wani Bamisire mai injin bugu ya ce, "Wace irin al'ada ce wannan? Suna ai suna ne." Ni ban buƙaci a ƙara mini bayani ba. Ni ɗan fari ne. Har Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "kai" take ce mini, in baƙo ya tambaye ta sunana sai ta kira ƙanwarta ta faɗa. Ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba, ko na surukinta. A duk ɗakin nan babu wanda ya kai ni sanin cewa akwai sunan da girmansa ne ke sa a bar wurinsa fili. Ga shi ni ne na ga filin na ce ɓarnar faranti ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mudir ya kira mu ofis, ni da Baba. Ya ce, "Wa ya zaɓi tarin?" Ina tunanin iƙamata da ta kusa ƙarewa, da matata da yara uku a Tasawa, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba. In aka gane ban iya Ingilishi ba, ba wannan aikin kaɗai za a tuhume ni da shi ba, har da shekara shida. Ina cikin wannan tunani sai Baba ya ce, "Ni ne mu'allim. Ba abin da ke shiga zare sai na ce a sa."

Mudir ya ce, "An ce akwai takarda a kan tarin, ya Amm Tanko."

"Akwai. Ni na cire ta. Idona ne ya gaza."

Mudir ya juyo gare ni. "Yusuf, kai Baturen bai yi maka bayani ba?"

Na ce, "Ya yi, na kuma faɗa wa mu'allim."

Ga ta nan, na rubuta ta. Wannan jumlar ce ta hana ni sakewa shekara goma sha ɗaya. Shiru kaɗai da na yi ma ya isa laifi, amma sai da na ƙara da ita. Baba bai ko juyo ya dube ni ba.

Iyalan tsohuwar suka janye labarinta gaba ɗaya. Mai Malafa ya ce duk kwafin da ya rage a lalata shi, ba ya son ko guda ya fita. Ni aka sa. Na riƙa ɗora su biyar biyar a ƙarƙashin wuƙar injin nan da kuke gani, ina taka feda, tana ratsa ɗinkin da muka kwana tara muna yi. Daga baya na ji littafin wannan shekarar ya fito a can ƙasarsu da Ingilishi kaɗai, babu labarin tsohuwar, na Larabcin kuwa bai sake fitowa ba. Mai Malafa bai ƙara taka layin nan ba. Da iƙamar Baba ta ƙare ba a sabunta ba, aka buga masa fita ta dindindin, aka ce ido ya tafi. Teburinsa kuma aka ba ni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin ya tafi, bayan an sauko daga masallaci, na bi shi ɗakinsa a Shumaisi. Yana ɗaure kayansa da zaren ɗinki, akwati guda da buhu guda. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, ban iya Ingilishi ba. Ban taɓa iyawa ba."

Ya ce, "Na sani. Tun shekarar farko na sani. Mai karatu idonsa tafiya yake a kan layi, naka tsayawa yake wuri guda."

"To me ya sa ran nan..."

"Na so in kai takardar ofis a karanta mini. Sai na ga in na yi haka na ƙaryata ka a gaban Misirawa. Kara na yi maka, ita ta kai mu. Kai kunya ta hana ka tambaya, ni kunya ta hana ni tona ka. Kowa da rabonsa a ciki."

Na ce gobe zan je in faɗa wa mudir gaskiya. Ya ce, "Ka je ka faɗa a kore mu mu biyu, wa ya ci riba? Nawa 'ya'yan sun girma, naka suna rarrafe. Zauna." Ya laluba aljihu ya fito da ƙashin nan ya ajiye a gabana. "Wannan kyauta ce. Amma sunana, Isuhu, aro na ba ka, ban ba ka kyauta ba. Ka fake da shi har ruwa ya ɗauke. In ka samu sarari ka mayar mini da abina."

Na ce in sha Allahu, ina hawaye. Na raka shi har bakin mota.

Kwafi guda na ɓoye a ran yankan, ban sani ba ko ina da hakkin riƙe shi. Na yanko farar takarda na manne a kan fuskar tsohuwar da sunanta, kamar yadda aka so tun farko. Sannan na buɗe ta dama na fara karanta Larabcin, abin da ban taɓa yi wa littafin da na ɗaura ba. A shafin farko, layi biyu, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ɗaya daga cikin masu labaran ta rasu, kuma bisa al'adar mutanenta an cire sunanta da hotonta. Malzamar nan ta bi ta hannuna sau ɗaruruwa, da harshen da nake karantawa, ban duba ba, ina bin tsani. Na karance littafin kaf. Akwai labarin makiyayin da fari ya sa ya harbe tumakinsa da hannunsa, da na wani da ya gano kakansa Musulmi ne mai jan raƙuma a hamadarsu, da waƙar wata mata a kan gidansu da gobarar daji ta cinye. Na tsohuwar shafi huɗu ne kacal. Tana yarinya ita da uwarta suna tafiya daga wannan ramin ruwa zuwa wancan, kowane da sunansa, kuma ba a sha sai an yi wa ruwan sallama an gaya masa ko 'yar wace ce. Ban san komai ba game da rubutun mutanen Ostireliya, kafin wannan shekarar ko bayanta. Amma wannan shekara guda na san ta kamar tafin hannuna, don ni na ɓata musu ita.

Maganar "ta Tanko" Bamisiren nan ne ya fara ta, mako guda da tafiyar Baba, da wani ya jera shafi a juye. Aka yi dariya, ni ma na yaƙe haƙora don kada a dube ni. Daga nan ta fita ƙofa ta bi layi. Sararin da Baba ya ce in jira ya zo tun tuni. Yaran sun girma, babban ma yana koyarwa a Maraɗi, tsohon mudir ya bar wa ɗansa wurin, babu wanda zai kore ni kan abin da ya wuce. Duk shekara sai in ce bana zan faɗa, sai in ga yadda kuke ce mini mu'allim kuna miƙo mini aiki da hannu biyu, sai in ce bari dai. Shekara huɗu da suka wuce aka bugo mini waya daga Damagaram cewa Baba ya rasu. Na yi masa addu'a, na yi sadaka, na dawo bakin aiki. Ba a yi wata biyu ba wani sabon ma'aikaci ya zubar da gam a kan aikin mutane, raina ya ɓaci, sai ji na yi bakina ya ce, "Ka yi ta Tanko." Ni da kaina. Mutanen tsohuwar nan sun fasa littafi guda don kada a kira sunan mamacinsu ko da alheri, ni kuwa ina tsaye ana jan sunan nawa a ƙasa ana dariya, har na sa hannu.

Jiya na shiga ofis na faɗa wa mudir na yanzu komai, tun daga ɗaga hannu har jumlar da na yi a gaban mahaifinsa. Ya saurare ni ido a kan waya, ya ce, "Halas, ya mu'allim, abin ya wuce," ya tambaye ni ko kalandun bankin nan sun bushe. Abin da na shekara goma sha ɗaya ina tsoro ke nan, bai kai tsawon shan shayi ba.

Saura ku, don a bakinku sunan yake. Shekara talatin littafi bai taɓa dawo wa Tanko ba, wanda ya dawo ɗin nawa ne. Ku faɗa wa Indiyawa, ku faɗa wa Misirawa, ku faɗa a wurin mai shayi na bakin layi. Na san maɗaba'a ba ta zama babu abin tsokana, kuma gobe ma wani zai manna bango a juye. In ya manna ku yi dariyarku, amma ku bar Baba ya kwanta. Ku ce ya yi ta Isuhu. Ina nan bakin injin yanka, zan ji, kuma zan amsa.